Shagunan sanwici na Italiyawan Amurka: abin da za ka saya da abin da za ka kauce wa

Idan ka sauka a New York, New Jersey, Philadelphia ko Boston, za ka yi ta ganin shaguna da aka rubuta musu “deli”. Da yawa daga cikin tsofaffin na jikokin Italiyawa ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1920. Za ka same su a titin Arthur Avenue na Bronx, da kasuwar Italiyawa ta 9th Street a Philadelphia, da unguwar North End ta Boston. Suna sayar da yankakken nama da cuku da awo, suna kuma haɗa doguwar sanwici. Sunanta na canzawa daga gari zuwa gari: hero a New York, hoagie a Philadelphia, grinder a wajajen Boston, sub kuma kowa ya san shi.

Ga Musulmi, abin lura na farko shi ne yawancin naman da ke cikin akwatin gilashin shagon na alade ne, kuma sunayen ba za su nuna maka haka ba. Salami, capicola, prosciutto, mortadella, soppressata, pancetta da ham duk alade ne. Pepperoni ma yawanci alade ne da naman shanu a haɗe. Saboda haka duk abin da aka kira “Italian sub” ko “Italian combo” ka bar shi gaba ɗaya. Dunƙulallen naman da ake kira meatball shi ya fi yaudarar mutane, domin kamanninsa na naman shanu ne, amma gidaje da yawa suna haɗa shi da alade. Miyar tumatir ma iri biyu ce: marinara yawanci babu nama a cikinta, wadda ake kira gravy ko meat sauce kuwa sau da yawa da alade ake dafa ta. Vodka sauce da chicken marsala akwai giya a girkinsu. Ko kayan zaƙi irin su cannoli da sfogliatella, a girkin gargajiya da kitsen alade ake yi, wanda suke kira lard. Ka tambaya, ba sa jin haushin tambaya.

Sai injin yanka. Wannan shi ne inda masu taka-tsantsan ma suke faɗawa. A ƙananan shaguna, injin da ya yanka ham yanzu shi zai yanka maka cuku ko naman talotalo, da wuƙa ɗaya, a kan katako ɗaya. Ka ce “no pork”, wato ban da alade, ka roƙi ma'aikacin ya sauya safar hannu, ya goge injin da wuƙar, ya shimfiɗa sabuwar takarda. Ka je lokacin da babu cunkoso, domin daga sha biyu zuwa biyu na rana layi yana da tsawo kuma ma'aikacin ba zai tsaya goge inji ba. Kaza da talotalo da naman shanu na waɗannan shaguna ba yankan Musulmi ba ne sai idan an rubuta halal. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, ka bi wanda ka amince da fatawarsa.

Akwai abin ci mai daɗi ba tare da nama ba. Eggplant parm soyayyen yalo ne da miyar tumatir da cuku, yana ƙosarwa sosai. Akwai tuna, akwai soyayyen ƙwai da tattasai, akwai ɗanyen cukun mozzarella da tumatir da gasasshen tattasai. Mozzarella ɗin da aka yi a shagon a ranar shi ne abin da ya fi cancantar kuɗinka, kuma yawanci da wuƙa ake yanka shi, ba da inji ba.

Wajen oda, duba ko akwai na'urar cirar lamba kusa da ƙofa, ka cira ka jira a kira ka. Ka faɗi komai a jere: girma, abin ciki, cuku, ganye, sannan mai. Rabi inci 6 ne, cikakkiya kusan inci 12, wadda takan ishi mutum biyu. Idan ka ce a sa komai, za a zuba latas, tumatir, albasa, man zaitun da binega. In ba nan take za ka ci ba, ka ce a ba ka man da binegar daban, in ba haka ba burodin zai jiƙe ya lalace kafin ka isa wurin aiki. Cuku da nama da laba ake auna su, laba ɗaya giram 454.

Farashin da ke allo sau da yawa bai haɗa da haraji ba. Masu katin tallafin abinci na EBT su sani bai sayen abinci mai zafi, don haka sanwicin da aka ɗumama ba zai shiga ba. Kada sanwici ta wuce awa biyu a waje da firiji, awa ɗaya in zafin gari ya haura digiri 32 a ma'aunin Celsius. Mace mai juna biyu ta guji yankakken nama mai sanyi saboda ƙwayar cutar listeriya, sai an ɗumama shi har ya yi tururi. Wanda yake son nama ba tare da tambayoyi da yawa ba, ya nemi shagunan 'yan Yaman da ke unguwannin Bronx da Brooklyn. Wasunsu ba sa ajiye alade sam, amma can ma sai ka tambaya kafin ka saya.