Yadda Ake Gano Tushen Ƙugin da Ke Bin Gudun Motar A-kori-kura

Idan motar a-kori-kura, irin su Toyota Hilux, ta fara wani ƙugi da ke tashi tun daga gudun kilomita 50 ko 60 a awa, yana ƙaruwa idan aka ƙara gudu, yana lafawa idan aka rage, to ana zargin abubuwa huɗu: taya, boris ɗin ƙafa (zoben ƙarfe da ƙafar mota ke juyawa a kansa), aksul na baya (wanda ke raba ƙarfi ga ƙafafun baya), da farfela (doguwar sandar ƙarfe da ke kai juyi daga giya zuwa aksul). Ƙararsu tana kama da juna ga wanda ke zaune a gaban mota, shi ya sa ya kamata a ware mai laifin kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya.

Da farko a fitar da inji daga zargi. A sami titi miƙaƙƙe mara cunkoso, a kai motar gudun da ƙugin ya fi fitowa, sannan a sa ta a furi a bar ta tana gangarawa, ba tare da an kashe inji ba, domin kashe shi yana sa sitiyari da birki su yi tauri. Idan kukan inji ya sauka amma ƙugin yana nan, to daga abin da ke juyawa tare da ƙafafu yake fitowa.

Sai a duba taya, domin ita ce mafi sauƙin bincike, kuma sau da yawa ita ce mai laifin. Ƙugin taya yana sauya murya idan an tashi daga kwalta mai santsi zuwa mai kaushi, na boris kuwa bai damu da irin titi ba. A shafa tafin hannu a kan zanen tayar, gaba da baya. Idan aka ji tana da kaifi ta gefe ɗaya kamar haƙoran zarto, ko ta ci rami-rami, to saitin ƙafa ya goce ko shokozoba ta mutu. A mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba: idan ƙarar ta bi su, an gama bincike. Tayoyi masu manyan haƙora da ake sa wa motocin shiga daji kuwa, ƙugi a kan kwalta halinsu ne tun suna sababbi.

Boris shi ne ya fi buƙatar natsuwa, kuma shi ne ya fi haɗari idan aka yi sakaci, domin wanda ya ci sosai yana iya kamawa ko ya saki ƙafa ana cikin tafiya. A gudun nan dai, a karkata sitiyari a hankali zuwa hagu, sannan zuwa dama. Karkatawa hagu tana ɗora nauyin mota a ƙafafun dama, saboda haka idan ƙugin ya ƙaru a lokacin, galibi boris na dama ne ya lalace, haka kuma akasinsa. Wannan gwaji ya fi fitowa sarai a ƙafafun gaba, kuma bai isa hujja shi kaɗai ba. A ɗaga ƙafar da jak, a tokare motar da abu mai ƙarfi, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. Ko ba ta yi wasa ba, a juya ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da sifirin ɗin gaba, domin ƙarfen yana kawo gurzar boris har cikin yatsu tun kafin kunne ya ji. A ƙafafun baya kuma, danshin man giya a jikin ganga ta birki alama ce cewa sil, wato robar da ke tare mai, ya saki, kuma sau da yawa boris ɗin wannan gefen ne sanadi.

Aksul na baya yana bayyana kansa ta totur. Idan ƙarar tana fitowa lokacin da aka taka, ta ɓace ko ta sauya da an ɗaga ƙafa, to haƙoran cikinsa ko boris ɗinsa ne. A kwance murfin zuba man aksul ɗin, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Man ya kamata ya kai bakin ramin. Idan ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, abin da ke yawan samun motocin da ke ratsa rafi da damina, idan kuma aka ga ɓarɓashin ƙarfe a murfin ƙasa na zubar da mai, to ciki ya fara ci. Man da ake zubawa shi ne mai alamar GL-5, da kaurin da littafin motar ya faɗa.

Farfela kuwa ta fi zuwa da karkarwa a ƙarƙashin kujera, tare da ƙarar ƙarfe idan an tashi ko an sa ribas. A ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a sa furi, a murɗa farfelar da hannu a ga ko kuros, wato gaɓar da ke bakinta, ko boris na tsakiya yana wasa. Mai mota mai jan ƙafa huɗu kuma ya tabbata bai bar ta a H4, wato giyar jan ƙafa huɗu, a kan busasshiyar kwalta ba. Idan za a je wurin makanike, a gaya masa gudun da ƙarar ke farawa, da gefen da take ƙaruwa, da yadda take yi da totur, a kuma nemi ya shiga motar a zaga tare kafin ya kwance komai.