Yadda ake koya wa ɗan sanda lallashi da tabarau na VR

A 2015 ƙungiyar PERF mai bincike kan aikin 'yan sanda a Amurka ta duba yadda ake tirenin ɗin sabbin ɗauka, sai ta ga kusan awa 58 ake ba su a kan harbi, amma koyon kwantar da rikici da baki awa 8 kacal. Wannan abu yana ci min rai wallahi, don in mutum ya fita aiki ya ci karo da wanda hankalinsa ya gushe yana riƙe da wuƙa, abin da hannunsa ya fi sabawa da shi zai fara yi. To nan ne tabarau na VR yake da rana. Abu ne da ake ɗaurawa a kai ya rufe ido, sai ka ga kanka cikin wani falo ko bakin titi da kwamfuta ta zana, duk inda ka juya kai hoton na bin ka, ga mutum a gabanka yana ihu kamar gaske, kuma in ka yi kuskure ba wanda ya mutu, sai a sake daga farko.

In kai ne malamin horo, kar ka fara da sa ɗalibinka a matsayin ɗan sanda. Fara sa shi a matsayin wanda aka kira 'yan sanda a kansa. Haka kamfanin Axon mai ƙera Taser, wato bindigar da ke kayar da mutum da shokin lantarki, ya yi a 2019 lokacin da ya fara da 'yan sandan Chicago, ofisa zai sa tabarau ya zama mai taɓin hankalin nan da ke jin muryoyi a kunne, ga fitilar mota na walƙiya a idonsa ga wani na daka masa tsawa, sai ya ji a jikinsa yadda umarni mai sauƙi kamar "ajiye abin hannunka" yake ɓacewa cikin hayaniya. Bayan nan sai ka juya shi ya koma ɗan sanda a wannan wurin dai.

A wannan zagaye na biyun ne aikin yake, kuma abin da za ka sa wa ido ƙafarsa ce kafin bakinsa. Sabon ofisa yakan matsa kusa ba tare da ya sani ba, taku ɗaya taku biyu har ya zama ba shi da zaɓi sai ƙarfi. Ka tsayar da wasan nan take ka ce ya duba inda yake tsaye, ya ja baya, ya sa mota ko bango ko tebur tsakaninsa da mutumin, don tazara da abin kariya su ne ke ba shi lokaci, lokacin kuma shi ke ba da damar magana da kiran ƙarin taimako. Sai maganar kanta. Ya faɗi sunansa, ya tambayi sunan mutumin, ya sauke murya, ya yi tambayar da ba a amsawa da e ko a'a, irin "me ya faru yau?", sannan ya yi shiru ya saurara, wanda shi ne ya fi wa mutane wuya. In 'yan sanda biyu ne a wurin, mutum ɗaya ne zai yi magana, ɗayan ya kula da tsaro, don mutum uku na ihu lokaci guda ko mai lafiya sai ya rikice.

Ka nemi irin na'urar da kai malami kake iya juya halin mutumin cikin hoton daga kwamfutarka, in ɗalibi ya yi tsawa ka sa shi ya ƙara harzuƙa, in ya sassauta ka sa kafaɗunsa su sauka ya zauna. Kuma don Allah kar kowane labari ya ƙare da harbi. In duk wanda ya fito a tabarau ƙarshe sai ya zaro makami, to tsoro kake koya wa yaran nan. Ka cakuɗa, wani maye ne, wani kurma ne bai ji umarnin ba, wani waya ce a aljihunsa, wani kuma da gaske haɗari ne.

Kar zaman ya yi tsawo, wasu tabarau na sa su jiri da tashin zuciya, gara gajere-gajere a yi ta maimaitawa, kuma a share ɗaki kar wani ya yi karo da kujera. Da ya cire tabarau ku zauna ku kalli abin da aka ɗauka tare, ka tambaye shi me ya gani a daidai nan, me ya sa ya kai hannu ƙugu, sannan ya sake sawa ya gyara tun abin na da zafi a ransa. Wannan hirar ta fi na'urar kanta muhimmanci a ganina.

Sannan a haɗa shi da horo da mutane na gaske. Tsarin horon kwantar da rikici mai suna ICAT da PERF ta fitar a 2016, da aka gwada shi a birnin Louisville na Amurka, binciken Jami'ar Cincinnati ya nuna amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100, raunin da 'yan sanda ke samu ma ya ragu da kashi 36, kuma wannan da darasin aji da wasan kwaikwayo na mutane aka yi shi. Don haka abin da ofisa ya koya a tabarau sai ya gwada shi da mutum mai numfashi a gabansa, bayan wasu watanni kuma a ɗauko hotunan kyamarar ƙirjinsa a duba ko yana ja baya a titi kamar yadda ya yi a aji.