Yadda Ake Kula da Na'urar Ɗaga Kaya Mai Sarƙa da Mariƙin Hannu

Wannan na'ura, wadda ake tuƙa mariƙinta gaba da baya domin ɗaga kaya ko jawo shi, tana zuwa da ƙarfi iri-iri, daga ƙasa da tan 1 har zuwa tan 9, kuma ana rubuta iyakar nauyin a jikinta. Babban abin da mai kula da ita zai riƙe shi ne cewa sarƙa tana buƙatar mai, birki kuwa ba ya son ko ɗigo ɗaya.

Kafin a taɓa mai, sai a sauke duk wani kaya, a zare sarƙar a bi ta zobe-zobe da ido da yatsa. Ana neman tsatsa, tsagewa, lanƙwasa, da wurin da zobba biyu suke gugar juna har ƙarfen ya sirance. Idan kaurin zobe ya ragu da kashi 10 cikin 100, ko sarƙar ta miƙe fiye da abin da takardar kamfanin ta yarda, to aikinta ya ƙare. Ba a yi mata walda, ba a kuma gasa ta da wuta, domin zafi yana kashe taurin ƙarfen ko da ido bai ga wani canji ba. Haka ita ma ƙugiya: idan bakinta ya buɗe fiye da kashi 5 cikin 100, ko ta murɗe, ko harshen da ke rufe bakin ya daina komawa da kansa, canzawa ake yi.

Daga nan a wanke sarƙar da buroshi da kananzir ko wani ruwan wanki marar asid, a bar ta ta bushe. Mutane da yawa suna shafe bayan sarƙar har ta yi ƙyalli, alhali ba nan ne wurin da ke cin wahala ba. Sai a sassauta ta, a ɗiga man inji a daidai mahaɗar kowane zobe da ɗan'uwansa, a motsa su man ya shiga ciki, sannan a goge ragowar da tsumma, don kada ya tara yashi ya koma kamar sanfefa. A wurin da ƙura ta yi yawa, busasshen man feshi ya fi dacewa. Haƙoran giyar da ke cikin na'urar kuwa giris ake sa musu kaɗan, a kuma ɗiga mai a wuyan ƙugiya inda take juyawa.

Birkin yana riƙe kaya ne ta hanyar matsewar wasu fayafai masu gogayya, don haka mai ko giris da ya taɓa su zai sa kayan su riƙa sulalowa ƙasa a hankali, wani lokaci kuma su zube gaba ɗaya. Faifan da ya sha mai ko ya yi sulɓi, sabo ake sakawa a madadinsa, kuma buɗe wannan ɓangare aikin wanda ya ƙware ne.

Bayan an haɗa komai, a gwada da kaya mara nauyi: a ɗaga shi 'yan santimita kaɗan, a saki mariƙin, a tsaya a gani ko ya tsaya cak, a kuma tabbatar ana jin ƙarar ƙas-ƙas ɗin haƙora yayin ɗagawa. Idan mariƙin ya yi tauri, kada a zura masa bututu don ƙara tsawo, domin taurin alama ce ta cewa kayan sun fi ƙarfin na'urar ko wani abu ya cije a ciki. A ƙarshe a rataye ta a busasshen wuri, sarƙar ba ta taɓa ƙasa ba, a rubuta ranar da aka duba ta.