Ba da makullin babur tun kafin kurɓin farko

'Yan uwa masu babur, ga wata dabara da na koya. In ka san za ka sha giya, miƙa makullinka ga wanda ba ya sha tun kana isa wurin. Ka ware kuɗin motar komawa gida a wani aljihu daban.

Giya hankali take fara taɓawa. Wanda ya riga ya sha, in ya ce "ai zan iya tuƙi", ba abin yarda ba ne, ko da kai ne. Babur kuma ƙafa biyu gare shi, sai jiki ya daidaita, ga hannu na jinkirin kaiwa birki.

Kofi da wankan ruwan sanyi ba sa fitar da giya daga jini. Aikin hanta ne, ƙaramar kwalba ɗaya kan ɗauke ta awa guda ko fiye.

In ka yarda ka yi caca da ranka, wanda ka goya fa? Ba ka tambaye shi ba.

Dabarar na cin tura in mai riƙe makullin shi ma ya sha, ko kana da na biyu a aljihu. Wanda kuma ya sha da yawa da dare, gari na iya wayewa giyar ba ta gama barin jininsa ba.