Yadda Ake Renon Yara a Gandu Ba Tare da Sun Tsani Noma Ba

A tsarin noman Hausa na gado, gandu shi ne gonar da maigida da 'ya'yansa, wani lokaci har da ƙannensa, suke nomawa tare, kuma daga rumbunta ake ciyar da gidan baki ɗaya. Gayauna kuwa ita ce 'yar gonar da ake yanka wa mutum ɗaya, yana shiga cikinta bayan an tashi daga gandu ko a ranar da aka ware masa, abin da ya samu kuma nasa ne. Magidanta da yawa a yau sun riƙe gandu sun saki gayauna, sannan suna mamakin yadda ɗa yake kai shekara goma sha biyar ya ajiye fartanya ya tafi birni yin acaɓa. Yaron da bai san komai a gona ba sai ciwon baya da tsawa, babu abin da zai zaunar da shi a cikinta.

A fara da aikin da ya yi daidai da ƙarfin yaro. Ɗan shekara biyar ko shida ya isa ya bi bayan mai sungumi ranar shuka, yana jefa 'yan ƙwayoyin gero a rami yana rufewa da diddige, kuma a nan ne zai fara jin abin da ya sa ba a cika rami da iri. Roron wake, kalar gyaɗa, watsa wa kaji tsaba da kai wa manya fura da hantsi, duk aikin wannan tsara ne. Idan ya kai takwas zuwa goma, a je wurin maƙeri a ƙera masa 'yar fartanya daidai hannunsa, domin ta manya tana gajiyar da shi kafin ya kai ƙarshen kunya ɗaya. A noman firi, wato noman farko, a ajiye shi kusa da babba, tun da a lokacin ne gero yake kama da ciyawa, kuma mai koyo yakan sare shuka ya bar haki. Idan hakan ta faru kada a doke shi. A tsuguna a ciro biyun a ɗora masa a tafin hannu ya ga bambancinsu. Garmar shanu, ɗaukar dami da yankan kara da adda sai ƙashinsa ya yi ƙwari.

Daga kamar shekara goma, a yanka masa gayauna, ko da kunya goma ce a gefen gandu. A bar shi ya zaɓi abin da zai shuka, gyaɗa ko wake ko kuɓewa, a ba shi iri da taki, amma kada a yi masa maimai, wato noma na biyu, idan ya yi sakaci. Ciyawar da za ta cinye gonarsa ta fi kowane faɗa koya masa darasi. Abin da ya fi muhimmanci yana zuwa ne da kaka: uba ya kiyaye kada ya juye amfanin gayauna cikin rumbun gida da sunan ajiya, domin yaron da aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake yarda ba. A raka shi kasuwa ya yi ciniki da bakinsa, ya sayi takalmin salla ko 'yar kaza da guminsa. 'Ya mace ma kada a bar ta a baya. Al'adar ba yarinya akuya ko tunkiya tana da hikima, musamman idan ita ce take tara mata harawa, kuma an bar mata 'ya'yan da dabbar ta haifa.

Akwai ayyukan da ba a sa yaro ko da hannu ya yi ƙaranci. Na farko shi ne feshi. Maganin ciyawa da na ƙwari suna shiga jiki ta fata da numfashi, jikin yaro kuma bai kai na babba juriya ba, saboda haka ba ya goya injin feshi, ba ya dama maganin, ba ya wanke kayan. Kada a zuba ragowar magani a robar lemo, kada kuma a mayar da jarkarsa ta ruwan sha. Ƙwayar da ake jefawa a buhun wake don kashe ƙwari tana fitar da iska mai kisa, don haka ba a ajiye irin wannan buhu a ɗakin da ake kwana. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, yana adana wake ba tare da guba ba. Sai maciji. A koya wa yaro kada ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin tarin kara sai ya fara juya shi da sanda. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, don haka idan ta yi sara ba a tsaga wurin, ba a ɗaure shi tamau, sai dai a garzaya asibitin da yake da allurar kashe dafin, irin wanda ake da shi a Kaltungo ta Jihar Gombe. Masu gonar fadama kuma su lura da wankan kududdufi, wanda yake jawo tsargiya, wato fitsarin jini.

Batun makaranta shi ne inda aka fi samun saɓani tsakanin uba da uwa. A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare. Dogon hutu yakan faɗo a watan Agusta, sai ya yi daidai da maimai, amma girbi yana zuwa ne bayan an koma aji, kuma a nan ne ake yawan janye yara mako biyu ko uku, su dawo an wuce su. Gara a tara aikin kaka a Asabar da Lahadi, ko a kira gayya, ko a sayar da tiya kaɗan a biya 'yan ƙwadago. Gonar ma tana iya taimakon karatun. Ranar fitar da zakka a sa yaro ya ƙirga dammunan da kansa: idan amfanin ya kai nisabi, noman damina ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da injin ban-ruwa kuma ɗaya cikin ashirin. A saya masa littafi ya riƙa rubuta ranar shuka, kuɗin taki da yawan buhunan da aka samu, sannan baɗi kafin ruwan farko a ce ya ɗauko ya karanta wa gidan.