Baba da Inna, Ku Fito Waje Ko Ana Sanyi

Mahaifiyata ta zo wurinmu a Ingila cikin watan Oktoba, tana da shekara 63, mace ce da ban taɓa ganin ta zauna wuri ɗaya na awa biyu ba. Kafin Fabrairu ya kama, sai ta dafa hannun kujera sannan take iya miƙewa. Likita ya duba, bai sami wani ciwo ba. Zama ne kawai. Mu muna wurin aiki, yara suna makaranta, ita tana bakin taga lulluɓe da bargo tana kallon yayyafi. Har yau abin yana damuna, domin mu a lokacin gani muke hutu muke ba ta.

Shi ya sa nake roƙon dattawan da suka iso kwanan nan, da 'ya'yan da suka ɗauko su, a ɗauki maganar fita waje da muhimmanci tun makon farko. Abin da ƙasar sanyi take fara ƙwace wa mutum shi ne 'yar tafiyar nan da yake yi kullum bai ma san yana yi ba. Nan mota tana bakin ƙofa, sayayya ana kawowa har gida, ƙofar maƙwabci kuma a rufe. Tsoka kuwa tun daga shekara 30 take raguwa sannu a hankali, bayan 60 sai ta ƙara sauri, kuma wadda ba a mora ita ke fara zubewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce wanda ya kai 65 yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, da na daidaita tsayuwa kwana 3 don gudun faɗuwa. Kada adadin ya tsorata ku. Minti 30 ne a rana, kwana biyar. Matsakaici kuma shi ne tafiyar da numfashi zai ɗan ƙaru amma kuna iya hira da na kusa da ku. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa.

Sai batun lokaci, inda sababbin zuwa suka fi yin kuskure. A Landan, cikin Disamba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. Wanda ya ce bari sai yamma ta yi sanyi zai leƙa ya tarar dare ya rufa. Ku fita da hantsi ko da tsakar rana, lokacin da akwai haske kuma raɓar da ta daskare ta narke. Amma ku sani, daga Oktoba zuwa Maris hasken rana a Birtaniya ba shi da ƙarfin da fata za ta samar da bitamin D. Hukumar lafiyar ƙasar tana ba da shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin ɗin a kullum a waɗannan watanni, mu masu baƙar fata ma ana so mu duba yiwuwar sha duk shekara. Ƙashi da tsoka duka suna bukatarsa.

Sutura kashi-kashi ta fi ƙatuwar riga guda: ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai ɗumi, ta sama mai tare ruwa da iska. In jiki ya yi zafi sai a cire ɗaya. Hula, safar hannu, da wani abu mai haske da direba zai hango. Takalmi ne dai ban yarda a yi masa rowa ba. Akwai wata siririyar ƙanƙara da take shimfiɗuwa a kan kwalta, ido ba ya ganin ta, sai dai ƙasa ta yi kamar an yayyafa ruwa. Karayar ƙugu ga dattijo tana iya kwantar da shi watanni. Ku sami takalmi mai ƙasan roba mai zane, ku taƙaita taku, ku fitar da hannuwa daga aljihu. In an wayi gari hanya ta daskare gaba ɗaya, ranar a yi motsi a cikin gida: a tashi a zauna kan kujera sau goma ba tare da dafawa ba, a tsaya da ƙafa ɗaya ana riƙe da bango. Waɗanda ke Kanada ko arewacin Amurka, ku bar wa matasa kwashe dusar ƙanƙara da shebur, aiki ne da ke takura zuciya sosai cikin sanyi.

Na san akwai kunya. Babban mutum yana ganin kamar zubar da girma ne a gan shi yana sassarfa a lambun shaƙatawa. Wallahi ku je ku gani da idonku, tsofaffi 'yan 70 da 80 ne suka cika wurin da safe, wasu da sanduna biyu, babu mai kallon kowa. Shiga kyauta ce, akwai bencina, wasu lambunan ma har da na'urorin motsa jiki a fili. Akwai kuma parkrun, wani taron gudu da tafiya na jama'a, wanda aka fara a 2004 a lambun Bushy da ke Landan, yanzu ya bazu ƙasashe da dama: kilomita 5 kowace Asabar da safe, ba a biyan komai, kuma ana maraba da mai tafiya a hankali. Nan ake samun abokan hira, abin da kaɗaicin ƙasar waje yake hana dattijo.

Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. In ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebe ku, ku tsaya nan take ku nemi taimako. Ku riƙa fita da waya, da takarda mai adireshin gida a aljihu, domin titunan nan kama suke da juna.

Inna da benci ta fara. Ranar farko na riƙe hannunta muka kai benci na farko a lambun bayan gidanmu, ta zauna tana haki. Bayan mako biyu muka kai na uku. Zuwa watan Mayu ita kaɗai take zagaye lambun, ta dawo tana ba ni labarin wata tsohuwa mai jar hula da suke gaisawa da hannu kowace safiya, ko da yake ba sa jin yaren juna.