Yadda Marubucin Waƙar Rok Zai Ci Gaba da Rubutu Bayan Hankali Ya Kwanta

Na daɗe ina jin wata magana a bakin masu sauraron kiɗan rok: wai da zarar mawaƙi ya yi aure, ya mallaki gida, ya daina ɓoye wa mai karɓar kuɗin haya, to rijiyarsa ta ƙafe. Wai yunwa da ɓacin rai da soyayyar da ta watse su ne masu waƙar, shi dai biro kawai ya riƙe musu. Na yarda da maganar nan shekara da shekaru, har na fake da ita. Lokacin ina ɗan shekara 22, ina kaɗa jita da abokaina uku a wani ɗakin haya a Jos, a wata guda nakan rubuta waƙa biyar ko shida. Da na samu aiki, na yi aure, yara suka zo, sai da na shekara tara ban kammala ko ɗaya ba. Jitar na rataye a bayan ƙofa har tsirkiyoyinta suka yi tsatsa, kuma duk lokacin da idona ya kai kanta sai raina ya sosu.

Abin da ya fitar da ni shi ne bin tarihin waɗanda suka tsufa a cikin sana'ar, na Amurka da na Ingila da na wasu ƙasashe, ina duba wa ya ci gaba, wa ya tsaya, kuma me kowannensu ya yi da hannunsa. Abin da zan faɗa maka a nan daga gare su na koya, na kuma gwada a kaina.

Fara da gane abin da ya ɓace maka. Idan ka zauna ka tuna shekarunka na ashirin da gaskiya, za ka ga wahalar ba ita ta rubuta komai ba. Ranakun da ba ka ci abinci ba, ba ka rubuta waƙa ba, neman abinci ka tafi. Abin da ƙuruciya ta ba ka shi ne lokacin da babu mai tambayarka ina ka kai shi, da wasan da za ku yi ranar Asabar wanda dole a zo da sabuwar waƙa, da abokai marasa kunya waɗanda za su ce maka wannan baitin shirme ne. Waɗannan ne kwanciyar hankali ke ɗauke wa mutum a hankali, ba tare da ya lura ba. Kuma duk ana iya dawo da su ba tare da an rusa gida ba.

Lokaci tukuna. Nick Cave, mawaƙin Ostareliya da aka haifa a 1957, wanda ya yi ƙuruciyarsa cikin shaye-shaye da hargitsi, da ya natsu sai ya kama ofis. Shekaru da yawa yakan saka kwat da safe, ya tafi ofishin, ya zauna ya yi rubutu kamar ma'aikacin gwamnati, ko da abin faɗa ko babu. Ni ba ni da halin kama ofis, don haka na mayar da motata ofis. Nakan isa wurin aiki da minti arba'in kafin lokaci, in zauna a mota da littafin rubutu da waya, in rera abin da ya zo, in naɗe shi. Kwana huɗu a mako. Kada ka jira sai yara sun yi barci, domin a lokacin kai ma ka gaji, abin da za ka rubuta gajiya ce. Ka zaɓi lokacin da kanka yake sabo, ka gaya wa iyalinka a fili cewa wannan lokacin na waƙa ne, don kada ya zama abin ɓoyo. Makonni shida na farko ba abin kirki da zai fito. Ka ci gaba da zuwa.

Sai babbar magana, wadda a kanta mafi yawan mawaƙan rok ke faɗuwa: me za ka rubuta? Kiɗan nan an gina shi ne a kan muryar matashi mai son barin gari, mai faɗa da mahaifinsa, mai bin yarinyar da ba ta kula shi. Mutum ya kai hamsin, ’yarsa ta kusa aure, amma ya zauna yana ƙoƙarin sake rubuta waƙar yaron nan. Ba za ta fito ba, in ma ta fito mai sauraro zai ji ƙaryar tun daga baitin farko. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ka duba abin da ke gabanka. Zaman aure na shekara ashirin yana da tsoro da kishi da haƙuri da kewar mutumin da ke kwance kusa da kai, abubuwan da ɗan shekara 22 bai ma san da su ba. Bruce Springsteen, wanda ya yi suna da waƙoƙin mota da hanya da gudu daga ƙaramin gari, a 1987 ya fitar da kundin waƙoƙi kusan gaba ɗaya a kan aure da shakkun da ke cikinsa, kuma ni a wurina yana cikin mafi gaskiyar abin da ya taɓa yi. John Lennon ya ajiye sana'ar daga 1975 ya zauna a gida yana renon ɗansa Sean, da ya dawo a 1980 waƙoƙin gida ya kawo, na uba da ɗa, na miji da mata. Leonard Cohen kuwa yana da shekara 82, jiki ya yi rauni, a cikin gidansa a Los Anjeles ɗansa Adam ya taya shi naɗar kundinsa na ƙarshe da ya fito yana raye, kuma mutuwa ya fuskanta kai tsaye a ciki. Kundin ya fito a Oktoban 2016, ya rasu a Nuwamba.

Wanda na fi so in kafa hujja da shi shi ne Tom Waits, domin labarinsa ya kife maganar da na fara da ita. A shekarun 1970 an san shi da zama gaban fiyano yana rera waƙoƙin mashaya da masu kwana a otal mai araha, kuma rayuwar da yake yi ke nan. A 1980 ya auri Kathleen Brennan. In da maganar mutane gaskiya ce, daga nan sai ya yi laushi. Amma kundin da ya fitar a 1983 ya fi duk na baya ban mamaki da ƙarfin hali: ya rabu da tsohon kamfaninsa da tsohon furodusansa, ya shirya aikin da kansa, ya cika shi da kaɗe-kaɗen ƙarafa da marimba da ƙaho, ya bar muryarsa ta yi kaushi yadda take so. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa matarsa ce ta buɗe masa wannan ƙofar. Daga baya ya daina shan giya, suka koma karkara a arewacin Kalifoniya suna renon ’ya’ya uku, suna rubuta waƙoƙi tare, kuma kundinsa na 1999 ya ci lambar Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa a Amurka. Abin da na ɗauka daga gare shi shi ne, wanda ya san yana da inda zai koma da dare ya fi iya yin kasada da rana. Idan Allah ya ba ka gida mai natsuwa, ka kashe wannan natsuwar a kan gwada abin da kake jin tsoron gwadawa lokacin da kuɗin haya ke kanka.

Rage kaya. Wannan gajeriyar magana ce amma tana aiki. Da kuɗi ya shigo, mutum kan sayi jita ta uku, da kwamfuta, da manhajar da ke da sauti dubu, sai ya ƙare dare yana zaɓen sauti bai rubuta layi ɗaya ba. Springsteen a 1982, yana tsakiyar shahara, a gidansa da ke New Jersey ya naɗi kundi guda a kan ƙaramar na'urar kaset mai layi huɗu. Johnny Cash, wanda asalinsa mawaƙin kantiri ne, wato kiɗan karkarar Amurka, amma ’yan rok ke ɗaukarsa uba, kasuwarsa ta mutu sai furodusa Rick Rubin ya zaunar da shi a falon gidan shi Rubin ɗin da jita ɗaya ya ce ya rera. Kundin ya fito a 1994, Cash na da shekara 62, ya dawo da shi. Jita ɗaya, littafi ɗaya, waya. Idan waƙar ba ta tsaya da ƙafarta a haka ba, situdiyo ba zai tsayar da ita ba.

Idan ka yi duk wannan kuma har yanzu babu abin da ke zuwa, ka bar ƙoƙarin ƙirƙira ka koma ga waƙoƙin da suka haife ka. Bob Dylan ya shiga irin wannan fari. Bayan kundinsa na 1990, wanda bai samu karɓuwa sosai ba, sai da ya shekara bakwai bai fitar da kundin sababbin waƙoƙi nasa ba. A tsakani, a 1992 da 1993, ya shiga garejin gidansa da jita ya naɗi kundi biyu na tsofaffin waƙoƙin gargajiya na Amurka da Birtaniya da na salon blues na baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda ya koya tun yana saurayi. Mutane da yawa sun ɗauka ya ƙare. A 1997, yana da shekara 56, ya fito da kundin da ya ci Grammy ta kundin shekara, kuma duk wanda ya saurare shi zai ji tsofaffin waƙoƙin nan a ƙarƙashinsa, a kari da kuma a lafazi. Ya ci gaba har ya fitar da wani a 2020 yana da shekara 79. Da tsohuwar zuma ake magani. Yadda za ka yi shi ne ka zaɓi waƙa goma da ka fi ƙauna kana yaro, ka koye su da kyau, ka rubuta baitocinsu da hannunka a takarda. Hannu yana koyon abin da kunne ya tsallake: inda aka yanke layi, inda aka ƙi yin amsa-amo da gangan, inda amshi ya shigo da wuri. Ni wata uku na yi ina wannan kafin layi na farko nawa ya zo.

Daga nan sai mutane. Cikin abubuwan da girma ke jawowa, babu wanda ya fi illa ga marubuci kamar rasa mai ce masa a'a. Ƙannenka za su yaba, abokan aikinka za su yaba, matarka ma wani lokacin za ta yaba don kada ranka ya ɓaci. Ka nemi mutum ɗaya da ba ya jin nauyinka, ka riƙa tura masa abin da ka yi kafin ya kammala. Kuma ka shiga cikin makaɗan da ba su san salonka ba. David Bowie ya yi fama da ciwon zuciya a 2004 yana tsakiyar rangadi, ya koma gida Niyok wajen matarsa Iman da ’yarsu, kusan shekara goma babu sabon kundi. Da ya tashi yin na ƙarshe, bai kira tsofaffin makaɗan rok da ya saba da su ba. Ya je wata ƙaramar mashaya ya saurari ayarin makaɗan jaz na Donny McCaslin, ya ɗauke su. Kundin ya fito ranar 8 ga Janairun 2016, ranar da ya cika 69, ya rasu bayan kwana biyu. Robert Plant, mawaƙin tsohon ayarin rok na Led Zeppelin, shi ma haka. A Disambar 2007 Led Zeppelin suka sake haɗuwa suka yi wasa na dare ɗaya a Landan, duniya ta yi ta roƙon su zagaya, kuɗin da ke ciki ba kaɗan ba ne, amma ya ƙi, ya tafi ya ci gaba da aikinsa da Alison Krauss, mawaƙiyar da ta fito daga wani salo daban. Shi ne kuma ya zo har Essakane a arewacin Mali a 2003 ya hau dandali a bikin kaɗe-kaɗen hamada, inda makaɗan Buzaye ke wasa. Dattijon da ya yarda ya zama ɗan koyo a ɗakin da wasu suka fi shi sani, kunnensa yana sabunta.

Kada ka manta da wa'adi. Ayarin Rolling Stones na Ingila sun shekara 18, daga 2005 zuwa 2023, ba su fitar da kundin sababbin waƙoƙi ba, ga kuɗi ga situdiyo ga lokaci. Sai da suka yanka wa kansu rana, suka kawo furodusa Andrew Watt wanda aka haifa a 1990, sa'an jikokinsu kusan, sannan aikin ya kammala. Kai ma ka yanka rana, ka gayyaci mutum biyar su zo su saurari waƙa uku. Kunyar su zo su tarar babu komai za ta yi maka aikin da wasan Asabar yake yi a da.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai waɗanda suka duba suka ga sun faɗi abin da za su faɗa. Billy Joel ya fitar da kundinsa na ƙarshe na irin waɗannan waƙoƙi a 1993 yana da shekara 44, ya ci gaba da cika filayen wasa da tsofaffin waƙoƙinsa, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ya fi mini mutunci a kan wanda ke ta maimaita kansa. Amma kafin ka yanke wa kanka irin wannan hukunci, ka ba abin shekara guda cur kana zuwa kana zama, domin da yawa daga cikinmu ba mu ƙare ba, daina zuwa muka yi.

Waƙar farko da na kammala bayan shekara tara a kan jiran ’yata ne a ƙofar makaranta, ina kallon ta fito tana neman motata da ido kafin ta gan ni. Na tura wa abokina da ke kaɗa mana ganga a Jos. Ya ce baiti na farko da amshi sun yi, amma na biyu ɗan shekara 22 ne ya rubuta shi, in cire. Na cire, na sake rubuta shi sau huɗu a cikin mota. Ranar Asabar ta ƙarshen wata zai zo da mutum uku, kuma saura waƙa ɗaya ban gama ba.